Azumin da Aka Kai 'Yan Doya Fadama

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, irin bazarar Salaga da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Kafin azahar miyau ya ƙafe, kuda ma ya gaji da tashi. Malamai sun ce azumi zagaye yake yi, sai ya ɗauki shekara talatin da 'yan kai kafin ya dawo inda ya bari. Ni ban yi karatun da zan iya wannan lissafi ba, makarantar midil ma ban gama ba, amma jikina ya gaskata su. Wannan zafin na san shi. Na yi azumi a cikinsa ina saurayi, da doya a kaina. Abin haushin shi ne ba zafin kaɗai ya zagayo ba. Mutanen ofis ma sun zagayo.

Mota mai lasifika ce ta bi unguwa-unguwa, da Gwanjanci da Hausa da Turanci, wai ana son jin ra'ayin mutanen gari a kan sabon tsarin tsakiyar gari. Za a yi shaguna masu bene, da tasha mai kwalta, da bayan gida na zamani, da fitilu. Mu 'yan doya da 'yan albasa da 'yan hatsi za a matsar da mu wani fili a hanyar Tamale, na ɗan lokaci, kafin a gama aiki. Ina zaune a rumfata ina karya tsiron doya sa'ad da na ji "na ɗan lokaci" ɗin nan. Sai da na ajiye doyar na kasa kunne, ko muryar ma ta wancan karon ce. Ba ita ba ce. Wancan mai shelar ya daɗe a ƙasa, kuma shi da ƙuge ya yi tasa.

Awudu, maƙwabcina a kasuwa, mutumin Bawku ne, albasa yake sayarwa. Ya leƙo ta tsakanin buhunansa.

"Shaibu, ka ji? Za a hau da kai bene."

"Da kai za a hau shi, albasarka ta sha iska."

"To ni ina so. Ko bayan gidan nan kaɗai suka yi, na gode. Na gaji da zagaya bayan masallaci da buta kamar ɓarawo."

"Ka ji sun ce ɗan lokaci?"

"Na ji."

"Shekara nawa ke nan da zuwanka Salaga?"

"Kai dai fara. Kullum sai ka tuna mini ni baƙo ne."

Ba baƙuncinsa nake nufi ba. Nufina bai ga abin da na gani ba. Yaran yanzu, har da 'yata Rakiya, sun ɗauka ƙin ci gaba ne ke damuna. To bari in faɗa, wanda zai zage ni ya zage ni da sani.

Goro ne ya kawo kakanmu Salaga. Goro ya canza hanya, ya bar mu da doya. Babana, Malam Garba, maigida ne a kasuwar doya. Manoma su kawo doyarsu daga ƙauyukan hanyar Kpandai, su sauka a zaurenmu, su ci tuwon Mma mahaifiyata, Baba ya sayar musu wa fataken Kumasi. Doyar ba tamu ba ce, amana ce. Wurinmu yana tsakiyar gari na wancan zamani, gindin wata ƙatuwar ceɗiya, ga mangwaro a gefe. Doya ba ta son rana. In bazara ta yi, tsohuwar doya takan zama kamar tsohuwar mace, a lallaɓa ta, a ba ta inuwa da iska, kada a jefar da ita. A gindin ceɗiyar nan sai ka tara doyar puna ƙwarya bisa ƙwarya, kowace ƙwarya doya ɗari, ka yafa mata ciyawa, ta kai har damina ba ta yi komai ba.

A kasuwar nan ba a taɓa auna wa kowa wuri da igiya ba. Inda tsintsiyar gidanku ta tsaya da safe, nan ne iyakarku. In mutum zai yi tafiya, ko ciwo ya kwantar da shi, sai ya bar wa maƙwabci sallahu a riƙa share masa, kuma ko shekara ya yi ba mai taɓa wurin. In kuwa aka ga ganye yana taruwa kasuwa bayan kasuwa, to an san mai wuri ya saki. Duk rigimar wuri da ta je gaban Sarkin Kasuwa, tambayarsa ɗaya ce, wa ke sharewa? Haka Baba ya taras, haka ya yarda duniya take.

A wancan karon, ana saura kaɗan a ga watan azumi aka zo aka ce za a gina mana kasuwa ta zamani. Mu koma filin da ke gangaren gari, wajen fadama, na ɗan lokaci. Aka kawo kwanon rufi aka kewaye wurinmu da shi, ceɗiya da mangwaro duk suna ciki.

Filin nan gangare ne. Daga sama akwai tudu mai tsakuwa da 'yan itatuwan ɗorawa. Daga ƙasa kuwa baƙar ƙasa ce ta tsattsage, ba ko kara. Da yammar da za a tashi, Kawu Iddrisu ya shigo zaurenmu. Ba ɗan'uwanmu ne na jini ba, abokin Baba ne tun suna yara, shi ma maigida ne.

"Garba, gobe muna idar da asuba mu je mu kama tudu, gindin ɗorawan nan."

"Mu kama me? Wurin da kafin Sallah za mu bar shi? Iddi, da furfurarka za ka je kana tsere da yara a kan filin awaki."

"Ni dai na ga an kawo kwano, ban ga an kawo siminti ba."

"Babban mutum ya tsaya a gabana ya ce ɗan lokaci. Da sunan ubana ya kira ni."

"Sunan ubanka ai kowa ya sani."

Baba ya yi dariya ya miƙa masa goro. Washegari Kawu Iddrisu ya gangara fadama da yaransa. Baba kuwa ya ɗauki tsintsiyar Mma ya nufi shingen kwano. Namiji mai iyali, maigida guda, wanda ban taɓa ganin ya riƙe tsintsiya ba. Ya ce wannan sharar ba ta aike ba ce, so yake kowa ya gan shi da idonsa. Ya share bakin shingen daidai saitin ceɗiyarmu. Akwai inda kwanon bai kai ƙasa ba, sai ya durƙusa ya zura hannu ya share iya inda tsintsiya ta kai. Mai gadin wurin yana zaune a kan benci yana kallonsa. Baba ya ce masa, "Ka shaida." Ya ce ya shaida.

Kafin mu sauko da doyarmu, tudu ya cika, tsakiya ta cika. Aka bar mana can ƙasa, mu da wasu tsofaffi biyu da su ma suka yi nawa.

Sai azumi ya kama.

Mukan yi sahur da tuwon jiya da miyar busasshiyar kuɓewa. Ruwa shi ne wahala. Garin da ake yi wa kirari da yawan rijiyoyi, amma a bazarar nan guga sai ya dawo da rabin laka. Mma da ƙannena mata sukan ɗebo, a jefa alif a randa, a jira ya kwanta. Kowa a ba shi moɗa, ka sha kana jin ƙasa a haƙoranka. Ana idar da salla Baba ya wuce shararsa, ni in gangara fadama.

Ban taɓa sanin rana tana da nauyi ba sai a wurin nan. Kafin hantsi ƙasa ta ɗau wuta, silifas ya yi laushi a ƙafa. Nakan yayo ciyawa a bakin rafi in rufe doya, in ɗora zana a kai, rana ta ratsa zanar ta ratsa ciyawar. In ka taɓa doyar sama sai ka ji ta da ɗumi kamar an sauke daga tukunya. Don haka kullum sai na rushe tarin, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya dawo sama, ina karya tsiro, ina ware wadda ta fara baƙi. Ƙwarya nawa ce, ɗaya bayan ɗaya, da baki a bushe. Wajen la'asar in na sunkuya sai in ga ƙasa tana matsowa. Daga can sama, bayan shingen kwano, mangwaronmu ya nuna yana zuba ba mai tsinta, iska na kawo ƙanshinsa har fadama. Ƙanshin mangwaro a hancin mai azumi mugunta ne.

Na ce wa Baba mu kafa rumfa ta kirki, mu sa gwafanni mu yi rufin ciyawa, kamar yadda Kawu Iddrisu ya yi a kan tudu. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Wanda ya kafa itace a nan ya gaya wa hukuma ya yarda ke nan. Ya saki can."

"Baba, doyar mutane tana dahuwa."

"Saura kaɗan."

"Wa ya ce?"

"Shaibu, kai ka haife ni?"

A zamaninmu nan magana take ƙarewa.

Da magariba mukan sha ruwa da koko da ƙosai. Da farko kokon da sukari, daga baya babu. Fatake sun daina gangarowa wajenmu, mota ba ta son baƙar ƙasa, kuma me zai sa mutum ya wuce doya mai sanyi a gindin ɗorawa ya zo ya sayi mai zazzaɓi? Sai ya zama doyar da ta fara lalacewa ita muke ci. Mma ta yanke baƙin ta zubar, ta dafa abin da ya saura, yana da ɗan ɗaci-ɗaci, a barbaɗa yaji a kai. In babu, a tuƙa kokonte, tuwon garin rogon nan mai duhu da ba a so baƙo ya gani. Amma baƙi na zaure, masu doya, su ake fara kai wa akushi, kuma su tuwon masara ake yi musu. Mma ba ta taɓa yin gardama da Baba a gabanmu ba. Abin da kawai na ji ta ce, wata safiya yana fita, shi ne, "Malam, ka cinye mini tsintsiya ta uku ke nan, a kan titin gwamnati." Bai juyo ba.

Ruwan farko ya zo cikin goman ƙarshe. Ranar tun safe iska ta tsaya cik, zufa tana bin baya kamar tururuwa. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Sai sanyi ya bugo, da ƙanshin ƙasa, duk kasuwa aka ɗaga kai ana hamdala. Ni ma na yi, ban ɓoye ba. Ɗigon farko da ya faɗo mini a leɓe sai da na yi da gaske kafin na tofar.

Murnar ba ta daɗe ba. Duk ruwan da ya sauka a cikin gari, hanyarsa ɗaya ce. Ya taho ja, da ledoji da kashin awaki da karan masara, ya ratsa tsakanin rumfunan tudu, ya zo ya zauna a kanmu. Kafin in kwashe zana ruwa ya kai ƙauri. Kafin Baba ya iso, da rigarsa a manne da jiki, ya kai gwiwa. Doya ba ta iyo, tana nan a ƙasa, sai ka lalubo ta da ƙafa.

Nan kam ba zan ci haƙƙin mutane ba. Kawu Iddrisu ya bar nasa ya sauko da yaransa duka. Mata 'yan hatsi suka ɗaure zani a ƙirji suka shigo. Mahauta suka zo, har da wani direban Kumasi da ba mu san shi ba. Aka yi layi daga cikin ruwa har kan tudu, doya na bin hannu, wannan ya miƙa wa wannan. Ba mai magana sai "karɓi", "karɓi". Ladan ya kira magariba muna ciki. Kowa ya tara tafin hannu ya sha ruwan sama, aka ci gaba da miƙo. Kawu Iddrisu na kusa da Baba a layin. Na zaci zai ce masa ai na gaya maka. Bai ce ba. Ya dai ce, "Garba, riƙe da kyau, wannan babba ce."

Da gari ya waye rana ta fito kamar ba a yi komai ba. Doyar da ta sha zafi ta sha ruwa ta koma rana, ba sai an gaya wa ɗan doya abin da zai biyo baya ba. Warin ya fara kafin Sallah. Wanda bai taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar doya mai yawa ba, ba zan iya kwatanta masa ba, yana kama tufafi, yana bin ka har masallaci.

Akwai wani tsohon manomi da tun ina rarrafe yake sauka gidanmu. Mafi yawan doyar tasa ce, da kuɗinta zai sayi iri ya biya 'yan tada kunyar gona. Ya zo ya tsuguna gaban tarin, ya ɗauki ɗaya ya danna da babban yatsa. Yatsan ya shige. Ya ɗauki wata, haka. Ya goge hannu a ciyawa, ya ce da irin Hausarsa, "Maigida, doya ya mutu." Bai ɗaga murya ba. Ya ci tuwon Mma a daren, ya yi godiya, ya tafi. Da sabuwar doya ta fito, a zauren Kawu Iddrisu ya sauka. Sauran suka bi shi ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya yi mana rashin kunya, in mun haɗu a hanya har ƙasa suke gaida Baba. Zaure dai ya zama wurin kwanan awaki.

Kuma ko washegarin ruwan nan sai da Baba ya je ya yi shararsa.

Sallah ta zo ta wuce, ba siminti. Wata Sallar ta zo. Kwanon shinge ya yi tsatsa, aka saci rabinsa. Babban mutumin da ya san sunan kakana aka canza masa gari, wanda ya gaje shi bai san sunan kowa ba. Daga baya dai aka yi ginin. Abin da aka fara yi shi ne sare ceɗiyar. Ranar da aka raba makullai, mu sai labari muka ji. 'Yan atamfa, 'yan magani, masu kayan gwangwani, wasu ma ba a taɓa ganin fuskarsu a kasuwa ba. Aka ce ai doya ƙazanta ce, ba ta dace da shago ba.

Baba ya sa babbar riga, ya ɗauki mai gadin nan, suka je gaban Sarkin Kasuwa. Na bi su. Mai gadi ya ba da shaida tsakani da Allah. Sarkin Kasuwa ya daɗe yana kallon tabarma.

"Garba, duk Salaga an san kai ka share. Da a gabana aka raba, da ba ka zo nan ba ma."

"To a gaban wa aka raba?"

"Ni ma ban sani ba."

Daga ranar Baba bai ƙara zuwa kasuwa da niyyar ciniki ba. Ya rayu shekaru bayan haka, yana zaune a zaure da casbi, in ka kawo maganar fadama sai ya ce, "Wurin nan naku." Har ya rasu bai taɓa ce masa wurinmu ba.

Ni na cike ramin da aka bar mana a fadama. Jar ƙasa a kwano, a ka, rani bayan rani. Duk inda aka rushe gini ina can ina roƙon ɓaraguzai. Na haƙa lambatu da hannuna na juya wa ruwan gari hanya. Na kafa rumfa. 'Ya'yan manoman da suka bar Baba, da kyar na jawo wasunsu, sai da suka ga damina ta wuce doyarsu a bushe. Ana nan gari ya yi ta gangarowa. Aka yi gidan mai, aka yi banki, aka yi shagunan waya. Wata rana muka farka aka ce fadamar awaki ita ce tsakiyar gari. Shagunan da aka kashe ceɗiya dominsu kuwa, yau rabinsu a kulle, jemagu ke haya.

Shi ya sa da aka kira taron bana na je da wuri na zauna a gaba.

An kafa rumfar tamfol, an jera kujerun roba. An kawo ruwan leda buhu-buhu an ajiye a gefe, a cikin azumi, har sai da wani ya raɗa musu suka rufe da zani. Injiniyan da ya zo yi mana bayani yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kafa wani babban hoto a kan allo. Benaye farare, fitilu, itatuwa masu kai zagaye kamar an yi musu aski, mutane na yawo ba mai kaya a ka. Na duba hoton daga sama har ƙasa, ban ga doya ko ɗaya ba.

Aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa. Samari suka ce suna son fitilu da wurin ajiye babura. Wani malamin makaranta ya ce garuruwan da ba su kai mu tarihi ba sun wuce mu. Awudu ya tashi ya yi maganar bayan gidansa, aka yi dariya, amma kowa ya san gaskiya ya faɗa. Rakiya 'yata, tela ce, a zaurenmu take ɗinki, ta tashi a cikin mata ta ce su matasa masu sana'a a tuna da su in an zo rabon shaguna. Ba ta dubi inda nake ba. Magajiya Sanatu, shugabar mata 'yan hatsi, 'yar Yendi ce, ba ta iya kwana-kwana ba, ta tambaya ko akwai ruwa a sabon filin. Aka ce ana kan duba wannan. Ta tambaya ko akwai inuwa. Aka ce shi ma.

Sai na ɗaga hannu. Injiniya ya ce, "Alhaji, bismilla." Ban taɓa zuwa Makka ba. In ɗan ofis ya kira ka Alhaji, ka taɓa aljihunka.

"Yaro, hoton nan yaushe aka zana shi?"

"An daɗe ana aiki a kansa, Alhaji. Ƙwararru ne suka yi."

"Ya yi kyau. To ra'ayin namu a ina za a sa shi? Na ga ba a bar masa wuri ba."

Aka yi shewa. Ya yi murmushi ya ce ai komai ana iya gyarawa. Na tambaye shi wa zai raba makullai. Ya ce za a kafa kwamiti. Na tambaye shi ko shi zai kasance a garin nan ranar rabon. Nan ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Wannan amsar ita kaɗai na yarda da ita a duk taron. Ban ce yaron maƙaryaci ne ba. Na wancan karon ma ban tabbata maƙaryaci ba ne. Sukan faɗi abin da suka yi niyya, sai a ɗauke su a kawo wani.

Bayan taro manyan kasuwa suka ja ni gefe, gindin rumfar Magajiya. Ranar ni ne gwarzo, kowa na dafa kafaɗata. Aka yanke shawara ba mai motsawa. Magajiya ta buga cinya ta ce, "Kuma kada wanda ya je ko leƙa filin nan. Duk wanda ya kafa ko tsinke a can, ya gaya musu mun yarda ke nan."

Na san maganar, ta Baba ce. Na san har inda take ƙarewa.

Da muka sha ruwa a gida ban iya cin abinci sosai ba. Rakiya ta kawo mini shayi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ka kunyata yaron mutane a gaban jama'a."

"Zai warke."

"In kun ƙi tashi, za a fasa ne?"

"Ba za a fasa ba. An riga an zana."

"To me ya sa ka yi ta faɗa?"

"Don kada su ce ba a gaya musu ba. Gobe ki ara mini jarkokinki na ruwa."

Da safe na hau babur na bi hanyar Tamale. Filin ya fi yadda na zata nisa, kuma ba kowa sai shanun Fulani. Ban yi sauri ba. Na zagaya shi da ƙafa ina duba inda ruwan bara ya bar shara a gindin ciyawa, da inda ƙasa ta tsage, da inda gara ta yi suri. Can gefen titi akwai ɗan tudu mai tsakuwa, mota za ta iya tsayawa a gabansa ko da damina. Na koma na ɗauko gwafanni da diga a motokin, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da 'yan dashen darbejiya da na tono a bayan gidanmu. Rumfata ta kasuwa tana nan, doyata na ciki, ba wanda ya tashe ni tukuna. Amma manomana ba za su tsuguna gaban tari suna danna yatsa ba.

Ina cikin haƙa Awudu ya iso a kan kekensa, yana haki.

"Shaibu, kasuwa ta ɗauka. An ce an saye ka. Magajiya ta ce kai munafuki ne, jiya ka fi kowa baki."

"Jiya gaskiya na faɗa."

"Yau fa?"

"Yau rami nake haƙawa. Matsa, kana tsaye a kan igiyata."

Ya matsa. Ya tsaya yana kallon tudun, yana kallon titi, yana shafa gemu. Can ya ce, "Nan gefenka akwai mai shi?" Na ce ban ga kowa ba. Ya jingine keken a daidai wurin, ya ce ba wai ya yarda ba ne, keken ne ke son inuwa. Babu inuwa ko ta tsinke a wajen.

Wajen hantsi farar motar ofis ta tsaya a bakin titi. Injiniya ya fito da wasu masu awo. Ya gane ni, ya taho da fara'a, har da cire hula.

"Alhaji, ashe kai ne na farko. Na ji daɗi wallahi. Amma me kake dasawa haka?"

"Darbejiya."

Ya yi dariya. "Ai kafin wannan ta yi inuwa kun daɗe da komawa sabuwar kasuwa."

"To in mun koma na bar maka ita."

Na miƙa masa dashen na ce ya riƙe mini shi tsaye, kada ya karkace. Ya tattare wandonsa ya tsuguna ya riƙe, ni kuma na tura ƙasa na danna da ƙafa.